Ƙashin ƙwaurina ya tsage, kuma ni ke goya Baba in an ce a gudu

Daga admin: wani ɗan'uwa ne ya turo wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. A duba masa da hankali.

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Na fi shekara biyu a wannan zaure ina karanta matsalolin mutane, wani lokaci har da ni a masu cewa ka yi kaza ka bar kaza, yau ga shi abin ya zagayo kaina. Don Allah shawararku nake nema, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke, kuma ku yi haƙuri da Hausar tawa, ta Maiduguri ce, a gida Kanuri muke yi.

Shekarata ashirin da bakwai, a Ajilari nake zaune tare da iyayena. Sana'ata wankin hula, ina da 'yar rumfa a Mafoni, amma abin da aka san ni da shi gudu ne, gudun dogon zango, daga kilomita goma zuwa ashirin da ɗaya. Ba gudun rage tumbi nake nufi ba, gasa nake shiga, na je garuruwan da ba don ƙafar nan ba ko a mafarki ba zan taka su ba. Ba don a yaba mini na faɗi haka ba, na faɗa ne don masu saurin cewa to ka bari mana su san abin da suke cewa in bari.

Lokacin da na fara, a bayan unguwar Mairi muke tirenin, wato atisaye, kan hanyar masu itace, ƙasa ce mai laushi, ka yi awa biyu ƙafarka ba ta san ta yi aiki ba. Da rikicin nan ya yi tsanani aka haƙa rami aka zagaye gari, bayan ramin ya zama na mutanen daji, sai muka dawo kan kwalta. Wanda bai zauna garin nan ba ba zai gane ba, a nan gudu ba ƙaramar magana ba ce. In mutum ya ga namiji ya sheƙo a guje ba ya tsayawa tambaya, zubar da abin hannunsa yake yi shi ma ya kwasa. Ni da kaina na taɓa watsa layin masu sayen ƙosai, wata safiya da na makara ina ƙoƙarin cim ma sauran, mai ƙosan har ta kifar da kaskonta, ranar na sha zagi da yare uku. Tun daga nan kocinmu ya kafa mana dokoki. Dattijo ne daga kudancin Borno, tsohon malamin makaranta, in ya fito coci ranar Lahadi ma wajenmu yake zarcewa. Ya ce babu mai gudu shi kaɗai, kowa ya sa riga mai launi ɗaya, shi kuma yana gabanmu a kan kekensa tunda an hana babur, yana busa usur yana cewa 'yan wasa ne, 'yan wasa ne. In mun zo shingen bincike mu rage mu taka a hankali, mu ɗaga riga a ga cikinmu, sannan mu ci gaba. Sai doka ta ƙarshe, wadda ita ta kawo ni inda nake yau. Kullum a hannun hagu na titi muke gudu muna fuskantar motoci, don a shekarun nan babu mai son motar da bai sani ba ta biyo shi ta baya. Zuwa a hagu, in za mu dawo mu tsallaka mu sake kama hagu. Shekara biyar muna haka babu wanda ya kawo komai a ransa.

A ƙwaurin hagu ciwon ya fara, kamar yatsa huɗu sama da idon sawu. Karon farko na ɗauka gajiya ce, na gasa da ruwan zafi na shafa man zafi na huta sati biyu, ya lafa. Karo na biyu da damina ne, na je wajen wani wanzami kusa da rumfata ya yi mini ƙaho, ya nuna mini baƙin jini a ƙasa ya ce ga ciwon nan ya fita, ni kuma na yarda saboda ina son in yarda. Karo na uku ana saura kwana goma gasa, wani abokin guduna ya kai ni wani kemis aka yi mini allura, wallahi cikin awa ɗaya sai na ji kamar ban taɓa ciwo ba. Na je na yi gasar na zo na huɗu, da muka dawo sai da aka tallafe ni na sauko daga mota. Daga nan na gane hanya, da ya motsa sai in je a tsira mini. Na san wauta ce, ba sai kun ɓata yatsunku kun rubuta mini ba.

Yanzu ga inda maganar take. Mahaifina shekara huɗu ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama da ƙafar dama ba sa aiki, maganarsa kuma mu na gida kawai muke ganewa. Da direban babbar mota ne, ƙaton mutum, ya rame yanzu amma ƙashin yana nan. Unguwarmu kuwa bakin gari ce, in aka ji harbi ko wani abu ya faɗo kowa cikin gari yake nufa, kuma a wannan lokacin ba za ka ga keke napep ko ɗaya a lungu ba. Mun taɓa gwada baro, ya kafe a yashi, kuma Baba ya yi kwana uku bai ci abincin kirki ba don baƙin cikin an tura shi kamar buhun gawayi a gaban mutanen da suka san shi da ƙarfinsa. Saboda haka muka raba aiki. Mahaifiyata, Yaa muke ce mata, ita ke ɗaukar jakar takardu da magungunansa. Ƙanwata da mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ke kama 'ya'yanta biyu. Ni kuma in durƙusa su ɗora mini Baba a baya, Yaa ta ɗaure mu tare da zani, in miƙe in kama hanya har babban titi, inda ake samun abin hawa zuwa gidan kawuna a Mafoni. Zanin ma nasa daban ne, mai kauri, a ƙusa yake rataye bayan ƙofa babu mai taɓa shi.

Kafin ya kwanta babu wanda ya tsani gudun nan kamar Baba. Cewa yake ƙato da ni ina yawo da gajeren wando a titi babu mai kora ta. Ranar da na fara goya shi, da muka isa titi na sauke shi, sai ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina ya daɗe bai ɗauke ba. Tun daga ranar in na dawo tirenin shi ke fara tambaya ta yau nawa na yi. Sau uku na kai shi titi lafiya. Maƙwabta har tsokana suke, wai gidan Alhaji ba su da damuwa tunda suna da doki a gida. Dariya nake in an faɗa, amma ba zan ɓoye muku ba daɗi nake ji, ya fi mini duk lambobin da na rataya a ɗaki.

Sati uku da suka wuce, ranar Talata bayan la'asar, muka ji ƙara sau biyu daga yamma, sai kururuwar mata, sai takun mutane a lungu. Kwana biyu kafin nan na yi allura, saboda haka ban ji komai ba da na miƙe da shi. Mun wuce masallacin layinmu, mun wuce injin niƙa, muna gab da wata kwalbati sai na ji wani abu ya ce ƙas a cikin ƙafar. Ba zafi na fara ji ba, ƙafar ce kawai ta ƙi ɗaukata. Na zube a kan gwiwa, haɓar Baba ta bugi ƙeyata, leɓensa ya fashe, na ji jininsa yana gangaro mini a wuya. Mutane suna ta wuce mu ta dama da hagu, kuma ban ga laifin kowa ba, kowa da nasa a hannu. Yaa ta juyo tana salati, na ce mata dutse ne na yi tuntuɓe. Na dafa bango na miƙe, sauran hanyar da na saba cinyewa cikin minti shida sai da na kusa rabin awa ina jan ƙafa. Mu ne na ƙarshe a layin, in na waiga babu kowa a bayanmu sai awaki. Da muka isa titi aka ce a koma gida, wai jami'an tsaro ne ke gwajin makamai. Mutane suka hau dariya suna tsokanar juna wa ya fi wa gudu, ni kuwa ina zaune a bakin kwata ba na dariya, don na san da na gaske ne da ba ni ke rubuta muku wannan ba.

Washegari na ce zan tafi rumfa na wuce asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashi, likitar wata mata ce mai gilashi marar yawan magana, ta ɗaga hoton ta nuna mini wani layi siriri kamar gashi, ya ratsa ƙashin fiye da rabi. Ta ce tsagewa ce, kuma ba ta jiya ba ce, ta nuna mini inda ya sha fara haɗewa ina sake buɗe shi. Ta tambaye ni a ina nake gudu, na ce kan kwalta. Ta ce wane gefen titi, na ce hagu. Ta ce kullum, na ce kullum. Sai ta ajiye biro ta ɗan karkata tafin hannunta, ta ce ai titi gangare ake yi masa zuwa kwata saboda ruwa, shekara biyar ƙafata ta hagu tana sauka ƙasa da 'yar'uwarta, ita ke shan dukan. Ta ce wata huɗu babu gudu babu ɗaukar kaya, da sanda zan riƙa tafiya, in kuwa na sake yin allura na hau kanta, karyewa za ta yi biyu, kuma ba ta yi mini alkawarin zan sake taka ƙasa daidai ba. Na ce likita, in mutum ne fa ba kaya ba, kamar a goya shi. Ta yi murmushi ta tambaya ko yaro ne, na ce babana ne. Ta tambaye ni unguwarmu, na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce ita dai abin da ƙashi ya nuna ta gaya mini.

Ga kuma wata. Saura sati biyar a yi gwajin da na yi shekara biyu ina jira, wata hukuma ce za ta ɗauki 'yan gudu aiki, da albashi da wurin zama a garin da ba a kwana da takalmi a ƙafa. Shekaruna sun kusa wuce iyakar da suke ɗauka, in wannan ya wuce ni shi ke nan. Niyyata tun farko in samu in kwashe su Baba daga bakin garin nan gaba ɗaya, a daina goyo. Na kai wa koci hoton ina zaton zai ce mu lallaɓa, sai ya ce ba zai sa sunana ba. Na ce ai ƙafata ce, ya ce sa hannun kuma nasa ne. Raina ya ɓaci, na gaya masa abin da likita ta ce, na ce dokarsa ta hannun hagu ce ta jawo mini. Wannan maganar har yanzu tana ci na, don mutumin nan shekara da shekaru yana shiga gabanmu da kekensa a hanyoyin da kowa ke tsoro ba don wani ya sa shi ba. Bai musa ba. Ya zauna a kan dakali ya ce lallai akwai wasu biyu a cikinmu da su ma hagun suke kuka da ita. Amma ya ce a shekarun nan ya raka gawar 'yan wasansa biyu ba yadda ya iya, a kaina kuwa yana da yadda zai yi, ba zai busa mini usur in je in karye ba. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa sa'an uba, na juya na tafi, har yau ban koma ba. Abokin nan nawa da ya fara kai ni kemis kuma ya ce akwai allurar da ta fi waccan ƙarfi, kuma ya san wanda zai shigar da sunana ba ta hannun koci ba.

A gida ban faɗa wa kowa ba. Sandar a rumfa nake barinta, bayan itatuwan da muke kifa huluna. In na sauka daga keke napep a bakin layi sai in cije in taka daidai har in shige ɗaki. Da sassafe ina sa kayan gudu in fita kamar kullum, in zauna a bayan wata makaranta har rana ta ɗaga, in yayyafa wa rigata ruwa in dawo. Za ku ce me ya yi zafi. Duk kwanciyar hankalin gidanmu a kan ƙafar nan take. Yaa tana da hawan jini, ɗan barcin da take samu don ta san ina ɗakin waje ne. Yayana ɗaya namiji yana kudu, ya yi shekara uku bai zo ba. Maƙwabta kowa da tsohonsa ko ƙananan yaransa. Masu shirin cewa mu tashi daga unguwar, kawuna ɗaki biyu gare shi da iyali cike, yana karɓarmu kwana ɗaya ko biyu ne, kuma Baba ya ce ba zai bar gidan da ya gina ya je ya kwanta a zauren ƙanin matarsa ba.

Kuma lokacin ba mai kyau ba ne. Damina ta ɗauke, hanyoyin daji sun bushe, duk wanda ke garin nan ya san abin da hakan ke nufi. Satin nan mutanen ƙauyukan yamma sun fara shigowa da kaya a ka, 'yan gora masu tsaron unguwa sun ƙara shinge a bakin layinmu, masu shago suna rufewa tun kafin magariba ba tare da wani ya ce su rufe ba. Ko a masallaci in an sallame ba a tsayawa hira.

Shekaranjiya da safe ina gyara wa Baba gemu a tsakar gida, ya bari sai da Yaa ta shiga madafa sannan ya riƙe mini hannu. Maganarsa a hankali take fita, sai ka sa kunne. Da Kanuri ya faɗa, ga ta da Hausa.

"Ba dutse ba ne," in ji shi.

Na ce dutse ne Baba. Ya ce shekara talatin ya yi yana tuƙi, in taya ta taka dutse ya sani, in ƙarfe ya karye a ƙarƙashin mota ya sani, kuma ranar nan a ƙirjinsa ya ji ƙarar. Ya ce rigar da nake dawowa da ita ma da safe ba ta warin gumi. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Sai ya ce, "In an sake cewa a gudu, ka kwantar da ni a ƙuryar ɗaki, ka ajiye mini buta da carbi a hannun hagu, ka ja ƙofa. Ka kama hannun uwarka ku tafi."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce gara mutanen daji su samu mutum ɗaya a ɗaki da su samu biyu a bakin kwalbati, ga tsohuwa tsaye a kansu ta ƙi tafiya, don ya san halin matarsa. Ya ce ba shawara yake yi da ni ba, umarni ne na uba, kuma ranar Juma'a in na dawo masallaci yana so in dafa Alƙur'ani in yi masa alkawari. Ya hana ni gaya wa Yaa. Daga nan ya ɗaga haɓa don in ƙarasa masa gyaran, garin ƙarasawa har na yanke shi.

'Yan'uwa tsoro nake ji, kuma ban saba faɗin haka ba. In na bi likita na huta wata huɗu, wata huɗun nan su ne mafi hatsari a shekara, kuma aikin ya wuce ni har abada, muna nan bakin gari. In na yi allurar na je gwajin, ko dai in ci in fitar da su, ko in karye a hanya in dawo mu zama mu biyu a kwance, babu mai goya ko ɗaya. In kuma aka ji ƙara kafin nan na ɗauke shi, ban san ko ƙafar za ta kai mu titi ba. Addu'a ina yi, ba sai an tuna mini ba, ku dai taya ni. Abin da nake so in ji daga malaman cikinmu, shin irin wannan umarnin na uba ana binsa, kuma in na ƙi rantsuwar na saɓa masa ke nan? Ma'aikatan lafiya kuma, akwai wani ɗauri ko takalmi da zai riƙe ƙashin nan na minti goma kacal da nauyin mutum a kai? In fasa wa Yaa maganar alhali ya hana ni?

Yau Laraba, saura kwana biyu. Jiya ya sa Yaa ta mayar masa da katifarsa ƙuryar ɗaki, wai iska tana damunsa a bakin ƙofa, ita kuma ta mayar tana yi masa tsiya wai tsufa ya zo, ba ta san me take shiryawa ba. Don girman Allah ku gaya mini, in aka ji ƙara gobe, in durƙusa in ɗauke shi, ko in ja masa ƙofa?